Rigar Orval da Dattijon Fadama

A garin Kettle Ford, can arewacin Wisconsin, an yi wani mai aski ana ce masa Orval Brekke. Hannunsa a kan almakashi ba shi da laifi, wannan kam a ba shi haƙƙinsa. Bakinsa ne annoba. Duk wanda ya hau kujerarsa, aka ɗaura masa ƙyalle a wuya, aka shafe haɓarsa da kumfa, sai ya sha labarin barewar da Orval ya kashe a shekara kaza da shekara kaza, kuma ba halin musu, tunda ga aska a maƙogwaro. Shekara ashirin yana karkashe su a cikin shagon nan. A daji kuwa ko zomo bai taɓa kuka da shi ba.

Mafarautan garin suna da wata al'ada da suka gada. Wanda ya harbi barewa ya kuskure, a ranar ake tare shi, a yanke ƙasan rigarsa ta baya, faɗin tafin hannu, a rubuta sunansa da shekara a jiki, a kafe da ƙusa a bangon shagon hatsi. Bangon nan ya cika da tsummoki, ja da kore da masu zane. Har na Fasto Halvorsen akwai biyu. Na Orval ne kaɗai babu, kuma ba ya wuni bai faɗa ba. Kowa ya san dalili. Duk kaka yakan saɓa bindiga ya fita, ya zauna a cikin mota da filas ɗin gahawa, ya dawo da yamma ya ce waɗanda ya gani ƙanana ne, ba su kai a ɓata musu harsashi ba.

A shekarun nan na bayan yaƙi, mutum biyu a garin suka ajiye bindiga suka ɗauki baka: Leland Pietsch, mai raba wasiƙu, da Delbert Kowalke, ma'aikacin masana'antar cuku. Da farko dariya aka yi ta yi musu, har ranar da Leland ya shigo gari da namijin barewa ɗaure a kan motarsa, rami ɗaya tal a haƙarƙari. Daga nan aka rage dariyar. Leland da kansa yake haɗa bakansa a rumbu, ba ya son yawan magana, kuma shekara uku ke nan yana bin wani ƙaton namiji mai ƙaho reshe goma sha biyu, wanda ake kira Dattijo. Dattijo a fadamar Inna Alvina Strutz yake zaune, gwauruwar nan da ta hana shiga gonarta da bindiga, don ta ce ƙarar tana ƙafar da nonon shanunta.

Wata Litinin a ƙarshen Oktoba, Leland yana kan kujerar aski, Delbert da Fasto suna kan benci suna jira.

"Shekara uku, Leland!" in ji Orval, yana kaɗa almakashi. "Shekara uku kana bin barewa ɗaya. Ko neman aure ne, ai da yanzu an yi wa ɗan fari baftisma."

"Yana da hanci," in ji Leland.

"To ni ba ni da shi?"

"Kana da shi mana," in ji Delbert daga benci. "Shi ke riga ka shiga coci duk Lahadi."

Orval bai kula shi ba. "Matsalarku tsoro. Kuna ta raɓe-raɓe kamar ɓarayin kaji. Ni da zan riƙe sandan nan naku, sati ɗaya ya yi mini yawa."

"Sandan yana nan, mutumina. Dattijo ma yana nan. Kai ne ba ka nan," in ji Delbert.

"Kai, Delbert! Mutumin da rigunansa huɗu suke lilo a bangon shagon hatsi ne zai yi mini baƙar magana? Je ka duba ko akwai tawa."

"Ina za a samu taka? Motarka ya kamata a yanke wa jela, ita ke yin farautar."

Fasto ya ɓoye fuska a bayan jarida. Jaridar tana rawa.

Orval ya buga almakashi a kan tebur. "Fasto, kai ne shaida. Asabar ta sama, da tsakar rana, ana cin abincin godiyar kaka a zauren coci. Kafin a ɗora tukwane a tebur, Dattijo yana kwance a ƙofar zauren da kibiyata a jikinsa."

"In kuma ba ya kwance fa?" in ji Delbert.

"A yanke rigata a gaban jama'a."

"Ko ka harba ko ba ka harba ba?"

Amma Orval ya riga ya hango fuskarsa a madubi, ta kuwa burge shi. "Ko na harba ko ban harba ba."

"Wace rigar? Kar ka zo mana da tsohon tsumma."

"Sabuwar. Jar nan ta ulu."

Fasto ya sauke jarida. "Orval, wadda Wilma matarka ta yi bazara guda tana ɗinka maka?"

"Ba abin da zai taɓa ta, Fasto."

Leland, wanda gefen kansa ɗaya kaɗai aka aske, ya ce, "Gama mini askin tukuna."

Da zai fita, Leland ya ce akwai wani baka nasa mai sauƙin ja, nauyin jansa laba arba'in da biyar, in Orval yana so ya zo ya ɗauka, ya nuna masa riƙonsa. Orval ya yi dariya har da dafa ciki. Ya ce wannan na 'yan mata ne. A ranar ya buɗe littafin talla, ya zaɓi mafi nauyi a shafin, laba tamanin, ya buga waya birni.

Ranar Alhamis bakan ya iso a jirgin ƙasa, cikin dogon kwali. Orval bai kai shi gida ba. A bakin shago ya buɗe shi, inda masu wucewa za su gani.

Irin bakan nan yana ruɗar wanda bai san shi ba. In ba a ɗaura masa tsirkiya ba, a lanƙwashe yake, amma ta gaba. Mai ɗaurawa sai ya tokare shi da ƙafa, ya tanƙwara shi ta baya, saɓanin yadda yake so, da gumi da nishi. A nan duk ƙarfinsa yake. Orval ya ga abu ya riga ya lanƙwashe, sai ya bi lanƙwasar, ya maƙala tsirkiyar a kunnuwa biyu kamar mai rataya tawul.

"Jama'a, kun gani? Laba tamanin! Ko numfashina bai canza ba."

Leland yana wucewa da jakar wasiƙu. Ya tsaya, ya dubi bakan, ya daɗe yana duba.

"Orval, a baibai ka ɗaura shi."

"A me?"

"A baibai. Cikinsa ne a waje."

"Leland, wannan na birni ne. Ba irin wanda kake sassaƙawa a rumbu kaji suna kallo ba."

"Na birni da na rumbu, ɗauri ɗaya ne. In ka ja shi sosai a haka zai juye a hannunka. Kawo in gyara maka."

"Ka ji hassada! Ka ga na ɗaura da hannu ɗaya abin da kake kokawa da shi kamar mai kayar da sa."

Leland ya buɗe baki zai ƙara. Delbert, wanda ya fito daga shagon hatsi a lokacin, ya taka masa ƙafa.

"Bar maigida," in ji shi. "Mu 'yan ƙauye me muka sani?"

Da yamma Orval ya jingina damin ciyawa a bayan gida, ya manna masa takarda, ya ƙirga taku ashirin. Maƙwabta suka fito bakin shinge. Ya ɗan ja tsirkiyar, iyakar gwiwar hannu, ya saki. Kibiya ta faɗi a taku huɗu da rabi. Tsirkiya kuma ta zabga masa bulala a damtse, har sai da ya yi tsalle da ƙafa ɗaya.

"Gwajin iska ne wannan," in ji shi.

Ta biyu ta bar damin ciyawa da nisa, ta kama hanyar hagu, ta ratsa zanen gadon da Wilma ta shanya. Ta uku ta tsallaka shinge ta sami gangar ruwan maƙwabci, ruwa ya kama tsiyaya. Masu kallo suka ja da baya, masu kaji suka kora kajinsu akurki. Orval ya tattara kibiyoyinsa ya sanar cewa yawan gwaji yana lalata hannu, kuma Dattijo ai ba takarda ba ne.

Sai maganar wari. Ya ji an ce Leland a cikin akwati yake ajiye kayan farautarsa tare da ganyen itacen al'ul mai ƙamshi, don kada barewa ta ji warin mutum. Orval ya ce ganye aikin rago ne. Ya daina wanka da sabulu, ya daina taɓa turaren shago. Ranar Asabar ya tafi gonar Inna Alvina da bokiti, ya ɗebo takin shanu ɗanye, ya shafe takalma da wando da hula.

Da ya shigo cin abincin yamma, Wilma ta ajiye ludayi.

"Maigida, me ka taka?"

"Ban taka ba, shafawa na yi."

"Da gangan?"

"Ku mata ba ku san farauta ba. Barewa da hanci take gani."

"Ni ma da hancin na gan ka tun daga kan titi. Rumbu."

"Wilma, gidana ne fa."

"Gidanka ne. Zanen gadon nawa ne, wanda ya rage ba ka huda ba. Ɗauki bargo. Kuma ka saurare ni da kyau, Orval Brekke. Rigar nan maɓalli bakwai gare ta, kowanne da hannuna na yi masa rami, sai da idona ya yi ja. A coci na ji ka sa ta a caca, a bakin matar mai shagon hatsi. In ta dawo gidan nan ba yadda ta fita ba, kai ka sani."

Ya ɗauki bargo. Ranar Litinin mutum uku suka leƙo shagon aski, mutum uku suka tuna ashe gashinsu bai kai aski ba.

Ranar Talata ya shiga fadama. Lokacin barbara ne, lokacin da mazan barewa suke faɗa a kan mata, don haka maharbi yakan ɗauki tsofaffin ƙahoni biyu ya ɗan gwara su, kamar ana karo, sa'an nan ya yi shiru rabin awa ko babban zai zo ganin wa ya shigo masa gida. Orval ya ciro ƙahonin da ke bangon shagonsa, waɗanda ya saya a gwanjo. Bai ga amfanin shirun ba. Awa guda cur yana gwara su kamar mai fasa dutse, yana haɗawa da gurnani.

Abin da ya fito masa daga cikin itatuwa Inna Alvina ce, da manjagara a hannu.

"Wane la'ananne ne yake karya mini shinge?"

"Ni ne, Inna. Kira nake yi."

"Kiran wa? Matattu?"

"Dattijo."

"Ɗan nan, Dattijo ya tsallaka rafi tun bugun farko. Ta taga na gan shi. Ko sauri bai yi ba." Ta ɗaga hanci ta shaƙa. "Me ya mutu a nan?"

"Dabara ce, Inna."

"Dabarar shanuna ce wannan, na san warinta. Wa ya ba ka izinin ɗibar mini taki? Na san uwarka, Orval, mace mai tsabta. Allah ya rufa mata asiri da ya ɗauke ta kafin yau."

Laraba da Alhamis ya koma. Ko jariri a garin ya san maharbi iska yake fuskanta, don ta kwashe warinsa ta yi baya da shi. Orval ya gwada, ya ji tana sa shi hawaye, sai ya juya mata ƙeya ya ɗaga kwala. Delbert, wanda yake laɓe a kan tudu, ya ce da idonsa ya ga barewa bakwai sun taho a jere, sun tsaya cak, sun ɗaga fararen wutsiyoyinsu, sun yi kwana kamar an buga musu ƙararrawa.

"Ƙanana ne," in ji Orval da aka tambaye shi.

"Har yanzu ba su girma ba?" in ji Delbert. "Shekara ashirin fa, mutumina. Ko dai ka kai su asibiti?"

Ranar Juma'a abin ya fara cin Orval a rai. Saura kwana ɗaya. Ya shiga gida ɗaukar safa, ya ga rigar a rataye, a goge, ja wur. Ya tuƙa mota mil tara zuwa wurin wani tsoho mai ɗana tarko, ya sayo wata 'yar kwalba mai ruwan ɗorawa: fitsarin macen barewa mai neman namiji. Tsohon ya ce ɗigo biyu, a kan tsumma, a rataye tsumman taku ashirin daga inda mutum yake zaune. Ya maimaita taku ashirin ɗin har sau biyu. Orval ya ce ya ji.

Asabar da asuba ya sa jar riga, ya shiga fadama, ya zauna a gindin wani al'ul. Ya fito da kwalbar ya duba. Ɗigo biyu! In ɗigo biyu suna kira, ai kwalba guda umarni ce. Kuma don me zai kira Dattijo wurin tsumma, alhali wurinsa yake so ya zo? Ya tsiyaya a tafin hannu, ya murza, ya shafa a wuya da bayan kunne da ƙeya, har da ɗan marin kumatu, yadda yake yi wa masu aski. Ragowar ya juye a takalma. Sa'an nan ya jingina da itacen. Kwana bakwai yana kwanan rumbu tare da ɓeraye. Barci ya yi gaba da shi.

Wani huci ne ya tashe shi, kamar na zugazugi. Rana ta yi sama. Taku goma a gabansa, Dattijo ne a tsaye.

Wuyansa ya kumbura kamar ganga. Bakinsa ya yi furfura, kunne ɗaya a yage, ƙahon nan kuwa kamar an kife masa kujera a ka. Ya naɗe leɓen sama yana shaƙar iska, tururi yana fita daga hancinsa. Shekara uku Leland yana fita cikin sanyi tun duhun asuba don ya ga abin da Orval ya gani a wannan minti, bai samu ba. Abin baƙin cikin ke nan.

Orval ya miƙe. Sau uku yana ɗora kibiya tana zamewa. Dattijo ya tako, taku bakwai, taku biyar, da irin kallon da Orval bai taɓa samu daga kowa ba tun yana saurayi. Tsoro ya ba shi ƙarfin da bai taɓa yi ba. Ya rufe ido, ya ja tsirkiyar nan har kunne.

Bakan ya yi ƙara, ya murɗe, ya juye a tafin hannunsa mai gumi, ya fizge. Da ya buɗe ido, bakan yana wulwulawa a sama. Ya sauka a kan Dattijo, tsirkiya ta sarƙe a rassan ƙaho. Kibiyar kuwa tana nan tsakanin yatsun Orval, ba inda ta je.

Suka dubi juna. Dattijo ya girgiza kai, baka ya yi lilo ya bugi wuyansa. Ya ja da baya ya yi wani irin tsaki ta hanci.

Orval bai tsaya jin sauran ba.

Mil ɗaya da rabi ne daga fadamar zuwa coci. Sau biyu ya faɗa lambatu, hularsa ta zauna a kan wata ƙaya. Amma kafin ya hango rufin zauren, numfashinsa ya dawo, labari ma ya haɗu.

An jera dogayen tebura, an ɗora talotalo da kirɓaɓɓen dankali da kek ɗin tuffa, gahawa tana tururi. Fasto ya ɗaga hannu zai sa albarka ke nan, Orval ya bankaɗo ƙofa, laka har gwiwa, kibiya a hannu.

"Na gama da shi!"

Kafin kowa ya amsa, warin ya riga ya isa tebur na uku. Inna Alvina ta toshe hanci da gefen mayafi. "Ku buɗe tagogin nan! Ƙofar ma a bar ta a buɗe, gara sanyi ya kashe mu."

Mata suka bubbuɗe. Orval ya tsaya a tsakiyar zauren, ya buɗe ƙirji.

"Taku arba'in, yana gudu. Nan na ba shi, bayan kafaɗa. Ko shurawa bai yi ba. Maza huɗu nake so, masu ƙarfi, da igiya."

"A ƙofa ka ce zai kwanta," in ji Delbert, bakinsa cike da dankali.

"Kai za ka iya ɗauko shi kai kaɗai? Ya fi maraƙi."

Leland ya taso a hankali, ya zare kibiyar daga hannunsa, ya kai ta wajen taga ya juya ta. "Wannan ce?"

"Ita ce. Ta shiga ta nan ta fita ta can, na tsince ta."

"Ba jini. Ba gashi."

"Gudunta ne ya yi yawa. Jinin bai samu damar kama ta ba."

Wani ya ƙware da gahawa.

"Ina bakan?" in ji Leland.

"A kansa na bar shi. Alama, kada wani ya zo ya ce nasa ne."

Delbert ya ajiye cokali. Ba Orval yake kallo ba, ƙofa yake kallo. "Fasto," in ji shi, "yau dai Orval ya faɗi gaskiya. Ku zo ku gani."

Ta bakin maƙabarta, hanci a ƙasa, Dattijo ne yake tahowa. Yana bin sawun takalman Orval taku bayan taku, har inda ya kauce wa kududdufi shi ma ya kauce. Bakan birni, laba tamanin, yana reto a ƙahonsa. Ya ratsa tsakanin motoci, ya iso gindin matakala, ya ɗaga kai, ya naɗe leɓe. Mutum ɗari da wani abu a zauren nan, Orval kaɗai ya tsura wa ido.

"Ga gawar ta zo da ƙafarta," in ji Inna Alvina. "An huta da igiya."

Orval ya shige bayan Fasto ya riƙe kwat ɗinsa.

"Fita ka gaishe shi mana, ango," in ji Delbert. "Mil ɗaya da rabi ya biyo ka."

Karen mai shagon hatsi ne ya farga ya yi haushi. Dattijo ya yi tsalle ɗaya ya haye shingen maƙabarta, ya ɗaga farar wutsiya, ya nufi fadama da bakan.

Zauren ya kece. Maza suna dukan tebur, mata suna share hawaye da gefen riga, Fasto ya zauna a kujera ya kifa kai. Leland kaɗai bai yi dariya ba. Yana tsaye a taga yana kallon inda itatuwa suka rufe.

"Ba zai ƙara fitowa da rana ba," in ji shi, ba da kowa yake ba.

Delbert ya riga ya aro almakashi daga kicin. Orval ya manna bayansa da bango.

"Tsaya! Al'ada ta ce wanda ya kuskure. Na kuskure? Abin da na harba, ba ku gan shi a kansa ba? Fasto, ka faɗi gaskiya, kai mutumin Allah ne!"

"Kibiya ake harbawa, Orval," in ji Fasto, yana goge tabarau. "Bakan riƙe shi ake yi."

"Sabon salo ne! A birni..."

"Kuma ka ce ko ka harba ko ba ka harba ba. Ni ka sa shaida. Juya."

"Kawo nan, Delbert."

Wilma ce. Ta fito daga kicin tana goge hannu, fuskarta ba dariya ba fushi, ta karɓe almakashin. 

"Ni na ɗinka ta. Ba wanda zai yi mata yankan cuku."

Orval ya saki ajiyar zuciya, ya juya mata baya da kansa. "Yauwa, uwargida. Kaɗan dai, ta wajen kalmasa, yadda za ki iya mayarwa."

Ta kama ƙasan rigar ta daidaita shi, ta sa almakashi a ɗinkin gefen dama, ta yi sama. Ta wuce ƙugu, ta wuce haƙarƙari, sai hammata. Ta ratsa ta ƙarƙashin kwala, a miƙe kamar da ma'auni, ta gangaro ta gefen hagu. Bayan rigar gaba ɗaya ya zo hannunta. Aka bar Orval da kwala da hannuwa da maɓalli bakwai, da tsohuwar singileti mai huda uku, iskar Nuwamba tana shiga ta taga tana same shi.

"Wilma! Faɗin tafin hannu aka ce!"

Ta ninke ƙyallen gida huɗu, ta miƙa wa Delbert.

"Faɗin tafin hannu na wanda ya zubar da kibiya ne," ta ce wa Orval. "Kai baka ka zubar."